Malam Irmiya da Maus na Huɗu

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani mutum, magatakardan ikilisiya, ana ce da shi Malam Irmiya. Shekara ashirin da shida yana kan wannan aiki. Shi ke rubuta sunan jaririn da aka kawo miƙawa ga Allah, shi ke rubuta sunayen ango da amarya, shi ne kuma ke ja layi a ƙarƙashin sunan wanda aka kai makwancinsa. Fastoci biyar sun zo sun tarar da shi a kan kujerarsa, huɗu sun tafi sun bar shi a kai. Ba shi da hayaniya. In ka gaishe shi sai ya amsa a hankali, kamar mai tsoron kada gaisuwar ta zube a ƙasa.

Ana nan sai ikilisiya ta sayi kwamfuta da majigi, domin a riƙa haska baitocin waƙa a bango ran Lahadi, gama littattafan waƙa duk sun yayyage, idanun tsofaffi kuma sun gaji da ƙananan rubutu. Aka kafa wa Malam Irmiya ɗan tebur a gaba, dab da bagade, wajen tsayuwar fasto, inda duk wanda ya ɗaga kai zai gan shi. Ya koyi aikin da furfurarsa, bai yi gunaguni ba. In mawaƙa suka kusa ƙarshen baiti, sai ya tura maus, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kibiya tana yawo a fuskar kwamfuta, ya kai kibiyar kan baiti na gaba, ya danna. Sauran ranakun mako kuwa da maus ɗin nan yake shirya tsarin sujada, da sanarwa, da wasiƙu, da jerin sunayen masu sharar majami'a. Ja, danna. Ja, danna. Shekara uku cur.

Amma akwai abin da yake ganin ba wanda ya sani a garin nan, domin ba a nan aka haife shi ba. Malam Irmiya bahago ne.

Tun yana rarrafe, hannun hagu yake fara miƙawa a akushi. Goggonsa ce ta rene shi, mace ce da ba a raba ta da muciya ko ba tuwo take tuƙawa ba. Da ta hangi hagun ya nufi kwano sai ta ja murya tun daga bakin murhu: "Wane hannu ne wannan? Irmiya, na ce wane hannu ne wannan? A zuriyarmu ba a taɓa yin bahago ba, ba kuwa a tsakar gidana za a fara ba!" Sai kwas, a bayan hannu. Da muciya ta gaza, ta yago bakin tsohon zane ta riƙa ɗaure masa hannun ta baya duk lokacin cin abinci. A makaranta malamin aji ya karɓa daga inda ta tsaya, shi da rula. Kafin ya cika shekara goma Irmiya ya iya rubutu da dama, sannu sannu, harshe a tsakanin haƙora. Ya kuma iya cusa hagun a aljihu. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, ya aurar da 'ya'ya, hannun nan yana aljihu.

Alƙalami ya yi masa haƙuri shekara da shekaru, domin alƙalami yakan tsaya ya jira mutum. Waƙar jama'a kuwa ba ta tsayawa.

Ciwon ya fara ne daga gindin babban yatsa. Daga nan ya sauka wuyan hannu, ya yi zamansa. Da safe sai hannun ya tashi a sandare, kamar na wani aka ara masa. Ya daina iya ɓalle maɓallin riga sai da dabara. Bai faɗa wa kowa ba, har ranar da abin ya faɗi kansa.

Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa, hannun ya mutu masa murus. Jama'a suka gama baiti na biyu, suka ja numfashi, suka buɗe baki, bango bai motsa ba. Mawaƙa suka maimaita amshi. Suka sake maimaitawa. Mai ganga ya ƙara ƙarfi don kada a ji shirun. Tsofaffin matan bencin gaba suka koma "mmm, mmm," suna kaɗa kai kamar haka aka tsara. Malam Irmiya ya cije leɓe ya tura maus da ƙarfin kafaɗa, kibiya ta zarce, ya danna. Sai ga sanarwa a bango da manyan baƙaƙe: A DAINA ƊAURE AWAKI A JIKIN KATANGAR MAJAMI'A. Wata tsohuwa, wadda ta saba rera duk abin da bango ya nuna mata, har ta kai "awaki" kafin jikarta ta ja mata zane.

Matasa suka yi dariya har da riƙe ciki. Malam Irmiya bai ɗaga kai ba.

Ran Talata shugaban dattawa ya same shi a ofis. Dattijo Gayus ke nan, tsohon jami'in ilimi, wanda ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Ba ya fara magana sai ya gyara murya sau biyu, ya cire tabarau, ya duba shi, ya mayar.

"Ehem. Ehem. Malam Magatakarda. Majalisa ta zauna. Majalisa ta duba. Majalisa ba ta manta da hidimarka ba, a'a, ko kaɗan. Amma bisa ga tsari, ba za a bar jama'ar Allah suna rera awaki ba. Saura mako shida Lahadin godiyar kaka, kuma baƙi za su zo daga gunduma. In hannun ya gyaru kafin nan, madalla. In bai gyaru ba, ehem, majalisa za ta shirya maka bikin ban kwana mai kyau. Da shinkafa."

"Na ji, Baba," in ji Malam Irmiya.

Bayan fitarsa ya daɗe yana kallon teburin. Ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ke tashinsa da safe ya sa takalmi, shi ne ɗakin nan da mabuɗinsa. Ya yi tunanin kansa zaune a ƙofar gida yana korar kaji daga shanyar masara, yana jin ƙararrawar majami'a daga nesa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa, "Laifin maus ne. A sake maus."

Maus ɗinsa na farko, wanda ya zo tare da kwamfutar, ɗan ƙarami ne kamar guntun sabulun da ya kusa ƙarewa. In zai riƙe shi sai ya tattara yatsu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya jefa shi a aljihun tebur.

Na biyu Dattijo Gayus ne ya kawo da kansa, a cikin leda, ya ajiye da hannu biyu. Baƙi ne, ƙato, fitila ja da shuɗiya suna walƙiya a bayansa, da maɓallai har bakwai, da wani lungu a gefe inda babban yatsan dama zai kwanta.

"Ehem. Irinsa Darakta yake amfani da shi a hedkwata. Na gani da idona."

Nauyinsa kamar dutsen guga. Duk sa'ad da Malam Irmiya ya matse shi don ya ja, sai yatsa ya taɓa wani maɓalli da bai nufa ba, shafi ya ɓace. Mako biyu ya daure, don kunyar wanda ya kawo. Wuyan hannun ya kumbura har agogo ya daina shiga.

Na uku wata nas ce ta ba da shawararsa a asibiti. Wannan maus ɗin a tsaye yake, ana riƙe shi kamar ana musabaha da mutum. Kwana huɗu aka sami sauƙi, har Malam Irmiya ya yi murmushi a hanyar gida. Ran na biyar ciwon ya tattara kayansa ya koma kafaɗa.

Kowace yamma matarsa Rifkatu takan ɗora ruwa, ta gasa masa hannun da tsumma, ta shafa man zafi. Ita ma shekaru sun hau mata, in ta durƙusa sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

"Baban Alheri," ta ce wata rana tana matse tsumma, "aljihun teburinka ya cika da abubuwan nan. Ko shago za mu buɗe?"

Ta ɗora masa tsumman a wuyan hannu, ta ci gaba.

"Ni ma fa nawa hannun ya fara ciwo da gashin naka. In muka kwanta mu biyu, wa zai gasa wa wani?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri nake yi, shi ya sa ruwan yake da ɗumi. Ji nan. Wata a zumuntar mata ta ce akwai mai shago a birni, bayan tasha, Talatu. Wai ba ta sayar wa mutum maus sai ta ga hannunsa. Ka je. In wannan ma bai yi ba, sai mu je mu ci shinkafar Baba Gayus mu dawo gida."

Ranar Asabar, ana gobe godiyar kaka, ya shiga mota ya tafi. Bai tafi da sa rai ba. Ya tafi ne don kada Rifkatu ta ce bai je ba.

Shagon ɗan siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa a jere. Talatu tana zaune ta ɗora ƙafafu a kan kwali, fanka a tsaye ba wuta, tana fifita da murfin wani akwati. Mace ce da ta ba hamsin baya, fuskarta irin ta wadda ta gama jin duk tambayoyin duniya tun kafin azahar. A kan kanta an jera maus wajen goma, duk a buɗe, babu ko ɗaya a cikin kwali.

"Sannu da zuwa, Baba. Kada ka ce mini mai kyau kake so. Kowa mai kyau yake so. Kawo hannun."

Ya miƙa dama. Ta juya shi, ta duba kumburin, ta ja tsaki a hankali.

"Wa ya yi maka wannan?"

Ya zazzage mata ukun nan daga leda. Ta ɗaga na farko da yatsu biyu. "Wannan na 'yan makaranta ne masu yawo da jaka. Tafin hannunka ba shi da inda zai kwanta." Ta ɗaga na biyu, ta auna nauyinsa, ta dube shi. "Wannan na samarin da ke harbe-harbe a kwamfuta ne. Yaƙi kake yi a ofis?"

"Waƙa nake haskawa a majami'a."

"To." Ta ajiye. "Na ukun nan ba laifi, yana taimakon wasu. Zauna. Ɗora hannun a kan kanta tun daga gwiwa, kada ka bar shi yana reto. Sauke kafaɗa, ba kaya ka ɗauko ba. Maus na kirki, in ka ɗora hannu, tafinka zai cika da shi, yatsu su miƙe su kwanta, ba sai ka matse ba. Dannawa kuma kada ta zama kokawa. Gwada su ɗaya ɗaya."

Ya gwada. Wani ya yi faɗi, wani ya yi tsawo, wani dannawarsa tauri kamar fasa gyaɗa. Akwai biyu da suka zauna daidai a tafinsa, amma da ya ja su sai zafin nan ya tsarga har wuya. Talatu tana kallo. Ya kai na ƙarshe, ya janye hannun, ya rungume shi a ƙirji.

"Babu," ya ce. "Ba laifinki ba ne, 'yata. Hannun ne ya ƙare."

Ta miƙa hannu za ta tattara kayanta. Ko gwiwar hannunta ce ta kuskure, ko da gangan ta yi, har yau ba a sani ba. Wani maus dai ya gangaro daga bakin kanta ya nufi siminti.

Bai kai ƙasa ba. Malam Irmiya ya cafe shi a iska, caraf, tun kafin ya san ya motsa.

Da hagu.

Suka dubi hannun su biyu. Sai ga dattijo mai shekara hamsin da tara ya yi wuf ya ajiye maus ɗin, ya kai hannun bayansa ya ɓoye, ya sunkuyar da kai.

Talatu ta daina fifita.

"Baba, fito da shi. Ba mai dukanka a nan."

"Kuskure ne."

"Da shi ka ture labulen ƙofa da ka shigo. Da shi ka kwance ƙullin ledar nan, ƙullin da ni sai da haƙori. Sai da ka ga ina kallo ka mayar da shi aljihu." Ta gyara zama. "Wa ya hana ka?"

Ya ce a hankali, "Goggona."

"Tana da rai?"

"Shekara talatin ke nan da rasuwarta."

"Allah ya ji ƙanta. Ita ta huta. Kai ne ba ka huta ba."

Ta jawo wani maus daga ƙarshen layi, toka-toka, ba fitila, ba ado, gefensa na dama da na hagu duk ɗaya. Mai waya ne. "Ba ruwanka da batir ya mutu ana tsakiyar waƙa," in ji ta. Ta jona shi a wata tsohuwar kwamfuta da ke aiki da cajin da ya rage, ta shiga wani wuri ta juya maɓallan domin manuniyar hagu ta zama mai dannawa, ta nuna masa yadda zai yi a tasa. Sa'an nan ta tura maus ɗin gefen hagunsa, ta koma ta ɗora ƙafa a kwali.

Ya ɗora hannun kamar mai taɓa abin da ba nasa ba. Ya ja. Kibiya ta tafi inda ya nufa ta tsaya cak. Ya sake ja, ta dawo. Ya zagaya da ita, ya kai ta lungu, ya danna wani ɗan ƙaramin abu da a da sai ya yi sau uku kafin ya same shi. Ba cije leɓe, ba ɗaga kafaɗa. Hannun yana tafiya kamar ya san hanyar tun da daɗewa, an dai hana shi fita ne.

Malam Irmiya bai yi murna ba. Wata irin gajiya ce ta sauko masa, wadda ta fi ta ciwon, har sai da ya jingina da bango.

"A gaban jama'a nake zama," ya ce da ƙyar. "Dab da bagade. Ga dattawa, ga baƙi daga gunduma. Da hannun hagu zan miƙa wa Allah waƙa?"

Talatu ta sa masa maus ɗin a leda ta ƙulla.

"Wannan amsar, Baba, ba a shagona ake sayar da ita ba."

Kashegari majami'a ta cika har taga. Doya a jere a gaban bagade, dammunan dawa, buhunan masara, kaji a ɗaure suna ƙorafi, ga baƙin gunduma a kujerun roba masu hannu. Waƙa goma sha ɗaya aka tsara. Malam Irmiya ya jona sabon maus, ya ajiye shi a dama, inda aka saba gani. Mai ganga ya buga. Jama'a suka miƙe. Baiti na farko ya tafi, ya kusa ƙarewa. Ya ɗora hannun dama, zafin ya amsa masa tun kafin ya ja.

Ya dubi bango. Ya dubi tsofaffin bencin gaba, baki a buɗe, suna jiran abin da zai ba su.

Sai ya ɗaga maus ɗin, ya tsallake da wayar ta bayan kwamfuta, ya ajiye a hagu. Ya fito da hannun daga aljihu.

Baiti na biyu ya hau bango daidai lokacin da aka ja numfashi. Na uku haka. Waƙa ta biyu, ta biyar, ta tara. Duk tsawon sujadar wuyansa a sandare, yana jira. Yana jiran wani ya taɓa na kusa da shi ya nuna. Yana jiran a gyara murya sau biyu daga kujerar dattawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Can wajen waƙa ta goma ya yi ƙarfin hali ya saci kallon jama'a.

Kowa bango yake kallo.

Da aka tashi, Dattijo Gayus ya nufo shi yana ratsa doya. Ya cire tabarau, ya duba, ya mayar.

"Ehem. Ehem. Malam Magatakarda. Baƙi sun yaba. Ko baiti ɗaya bai makara ba. Ashe hannun ya gyaru."

A nan da Malam Irmiya ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya gaji. Ya gaji da aljihu.

"Bai gyaru ba, Baba. Da hagu na yi. Ni bahago ne. Tun haihuwa."

Ya ɗora hannayen biyu a kan tebur, kumburarren da lafiyayyen. Dattijo Gayus ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗaga ido sama kamar mai buɗe shafuka a cikin kansa, leɓensa yana motsi.

"Na bi tsarin ikilisiya daga sashe na ɗaya har ƙarshe," ya ce daga bisani. "Ban ga inda aka ambaci hannu ba." Ya sake duban kumburin, wannan karon bai gyara murya ba. "Irmiya, shekara uku kana yi da wannan? Haba. Bar shi a hagun."

A hanyar gida Malam Irmiya ya yi ta juya maganar a baki, har suka wuce rijiya, sa'an nan ya ce, "Maman Alheri, akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba."

"Na ji ka faɗa wa Baba Gayus."

"Ba ki yi mamaki ba?"

Rifkatu ta sauya wa jakarta kafaɗa. "Ran da aka haifi Alheri, da wane hannu ka karɓe ta? Shekara talatin da ɗaya ina ajiye maka kofin shayi a hagu, kana zagayowa da dama kana ɗauka. Na ce ran da ka gaji za ka faɗa." Ta yi 'yan taku. "Ban san za ka daɗe haka ba ka gaji ba."

Hannun dama bai warke sarai ba. Har yau in sanyi ya sauko yakan tuna masa. Amma Malam Irmiya yana nan a teburinsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Hannun hagun Malam Irmiya shi ne baiwar da Allah ya sa a cikin kowannenmu tun muna ciki, ba da shawararmu ba. Muciyar Goggo kuwa ita ce muryar da ta taɓa ce maka, "Irin wannan ba a yi a gidanmu." Wataƙila mai muryar da kyakkyawar niyya ya faɗa. Wataƙila ma ya daɗe a kabari. Amma kai har yanzu kana ɓoye hannu in ka tuna.

Maus ukun nan su ne gyare-gyaren da muke yi a waje don kada mu taɓa abin da ke ciki. Wata ta bar ƙungiyar mawaƙa ta koma masu tarbar baƙi, ta bar nan ta koma kwamitin abinci, ko'ina gajiya, ko'ina ciwon kai, tana cewa shugabanni ne ba su da kirki. Alhali ita an yi ta ne don ta zauna kusa da marar lafiya ta yi shiru, sai dai an taɓa gaya mata wannan ba hidima ba ce, tun da ba a kiran suna a sanarwa. Wani yana fama da wa'azi, yana gumi, mu ma muna gumi, ga shi kuwa in ya riƙe guduma rufin majami'a ba ya yoyo shekara goma. Ya sake littafi, ya sake kwat, ya ari muryar wani babban mai wa'azi har da yadda yake ɗaga yatsa. Ɗan'uwa, ba maus ba ne. Hannun ne ba shi ba.

Akwai gajiyar aiki, wadda barci yake maganinta. Akwai kuma gajiyar yin aikin Allah da hannun da ba shi ya ba ka don aikin ba. Wannan ko ka kwana uku kana barci, da ita za ka tashi. Da yawa a cikinmu ita muke ɗauke da ita, muna kiranta haƙuri.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce kowa ya yi abin da ya ga dama. Malam Irmiya har gobe da dama yake gaisawa, da dama yake karɓa a hannun manya, gama ladabi ba ya ciwo. Kada kuma mai zafin rai ko mai tsegumi ya ce, "Ai ni haka aka halicce ni." Wannan ba baiwa ba ce, abin tuba ne. Ga yadda za ka bambanta: da hagun ya fito, jama'a ne suka sami waƙarsu a kan lokaci. Baiwa in ta fito, wasu ne suke hutawa.

Ku kuma iyaye, da mu masu koyar da yara, mu yi koyi da mai shagon nan. Ba ta fara da yabon kayanta ba, cewa ta yi a kawo hannu. Kafin ka ɗaga murya a kan yaro, tsaya ka ga da wane hannu yake cafe abu in ya faɗo.

Na ƙarshe, shi ne ya fi nauyi. Shekara hamsin mutumin nan yana tsoron idon jama'a, ran da ya fito da hannun, kowa bango yake kallo. Waɗanda suke ƙaunarsa kuwa sun riga sun sani, jira kawai suke yi. Haka Ubangiji yake da mu. Ba ranar da ka faɗa masa zai sani ba, shi ya ƙera hannun, ya ƙidaya yatsun. Malam Irmiya ya tambaya ko da hagu zai miƙa wa Allah waƙa. Wanda ya yi hagun bai taɓa jin kunyarsa ba. Fito da shi daga aljihu, ka huta.